Kilomita Sha Biyun Baba

Masu cika min waya da tambayar ko kawunnan Dakta sun zo neman aurena, ku sassauta min. Ba su zo ba. Gobe Lahadi aka sa musu, kuma yadda gidanmu yake a safiyar nan, ban san ko maganar tana nan ba. Wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, lissafi na karanta a jami'a, shi nake koyarwa. Dakta likitan haƙori ne, shekararsa biyu yana sintiri a ƙofar gidanmu. Mama tana ce masa Dakta. Baba yana ce masa Mai Haƙora idan yana cikin raha, idan ba ya ciki kuma, "wancan yaron".

Abin da ke tsakanina da aurensa mota ce.

Sunanta Dattijuwa. Toyota ce fara mai dogon baya, ta girme ni da shekara huɗu. Ita ke da gareji mai rufi, motar kowa kuwa rana ce rabonta. Baba ya yi shekara talatin da biyar yana aikin duba lafiyar motoci, gari gari, yawancin shekarun a cikinta. A duk tsawon aikin nan ba wanda ya tsana kamar dillalan da ke buɗe mitar mota su mayar da lambobin baya, don tsohuwa ta koma yarinya. Har yau idan ya tuna wani da ya kama, sai ya ajiye cokali ya ba mu labarin da sunansa da lambar motarsa.

Ranar da Dakta ya fara zuwa gaishe shi, Baba bai zaunar da shi a falo ba. Gareji ya kai shi. Ina laɓe bayan tagar kicin ina jin su.

"Ka san da me masu wannan motar suka fara?"

"Da mota mana, Baba."

"Da saƙa. Ɗan wani kafinta ne a ƙauye a Japan, yana kallon mahaifiyarsa tana wahala da masaƙa, ya zauna ya ƙera injin da ke tsayawa da kansa idan zare ɗaya ya tsinke. Zare ɗaya! Daga baya suka sayar wa Turawan Ingila da fasahar, ɗansa kuma ya juya ya kama ƙera mota. A masana'antarsu, ƙaramin ma'aikaci idan ya ga kuskure, igiya yake ja a tsaya a gyara. Kai a asibitinku akwai igiya?"

"Babu, Baba."

"Na ga alama."

Awa biyu aka yi ana wannan karatu. Dakta yana tsaye cikin farar riga mai guga, gumi ya zana masa taswira a baya. Da aka tashi, Baba ya raka shi waje ya ga motarsa, baƙa mai sheƙi, ba ta da makulli sai maɓalli, tana magana da muryar mace. Ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Wannan ai waya ce aka sa wa taya." Tun daga ranar bai ƙara kallonta ba, mai ita ma sama sama.

Baba yana da ƙungiya. Tsofaffi ne wajen arba'in, kowa da tsohuwar Toyotarsa, suna da guruf a waya inda suke kwana suna tashi da saƙon murya. Wani ya ce tasa ta ratsa ruwa har gilashi ba ta yi tari ba. Wani ya ce rabonsa da buɗe inji tun haihuwar ɗansa na fari, ɗan kuwa yanzu sanƙo gare shi. Ba mai ƙaryata wani, domin kowa yana da nasa labarin da yake so a bari ya wuce.

Amma duk cikinsu ba mai abin da Baba yake da shi. Mitar Dattijuwa irin ta da ce, gidaje shida masu juyawa. Makonni uku da suka wuce ta kai 999988. Saura kilomita sha biyu ta cika miliyan, lambobin shida su juya tare su koma sifili. Baba ya ajiye ta. Ya koma tafiya kasuwa a ƙafa, idan nisa ya yi ya hau tasi ya zagi direban har a sauka. Ya sa yau Asabar ƙarfe goma: 'yan ƙungiya su zo su jeru a bayansa, mai hoto ya zauna a kujerar baya, ya tuƙa sha biyun nan da kansa ya ga juyawar da idonsa. Da Mama ta dame shi da maganata, cewa ya yi, "A bar ni in gama da Asabar. Su zo Lahadi in ji da me suka zo." A bakin Baba wannan kusan amincewa ce. Na yi kuka ranar, na farin ciki, kamar wata sakarai.

Ranar Laraba ya yi tafiya ɗauko tsohon bakanikensa, wanda ya yi ritaya ya koma wani gari. Ya ce ba za a yi bikin ba sai da mutumin da ya san cikin Dattijuwa fiye da kowa. Ya miƙa min makulli a bakin ƙofa.

"Kowace safiya ki tada ta minti biyar. Ba sa ta a giya, ba taɓa birkin hannu. Kin ji ko in maimaita?"

"Na ji, Baba."

"Maimaita min."

Na maimaita.

Alhamis da hantsi naƙuda ta kama Yaya. Tana gidanmu saboda mijinta yana can wajen aiki, kuma likita ya ce da sauran mako biyu. Jaririyar ba ta ji likitan ba. Na kira Dakta, aka yi sa'a yana kusa, cikin minti goma ya iso, ya kashe mota ya shigo muka kamo Yaya. Muka kwantar da ita a baya, ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Muryar macen nan ta ce masa, cikin ladabi, ya tuntuɓi masu gyara. Yaya ta yi wata ƙara da ta sa karen maƙwabta ya amsa.

Mama ta dube ni. Mayafinta a karkace, takalminta ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nawa.

"Ɗauko Dattijuwa."

"Mama, Baba ya ce..."

"Babanki ne zai haihu? Ɗauko ta!"

Bugu ɗaya ta tashi. Wannan ma sai da ya ba ni haushi. Dakta ya zauna a kujerar Baba kamar wanda aka ɗora kan garwashi, ya dubi mita, ya ce, "Asibiti kilomita biyar ne. Biyar zuwa, biyar dawowa, saura biyu. Ba komai." Sau biyu ta mutu masa kafin mu fita layi, don rabonsa da kuloci tun yana ɗalibi. Mama tana baya tana tofa wa Yaya addu'a da rabin baki, tana zagin ƙafarsa da ɗaya rabin.

Kafin azahar Yaya ta sauka. Mace, lafiyayya, da hancin Baba, Allah ya kyauta mata.

To ga inda nake so ku saurare ni, don kada gobe ku ce Dakta ne. Zuwa asibiti ba laifin kowa ba ne. Dawowar ce. Mama ta rubuta min abubuwan da za a sayo, filas, tawul, sabulun jarirai, auduga. Muka fito ni da Dakta, zuciyata fes, iska tana shigowa ta taga. Ni da bakina na ce, "Bi ta kantin kayan jarirai, nan kusa ne." Kantin yana rufe. Na ce akwai wani a gaba. Titin can hannu ɗaya ne, sai da muka zagaya. Muna tafe muna musun sunan da za mu sa wa tamu 'yar idan Allah ya kawo, shi yana son sunan kakarsa, ni ina cewa sai dai ya haifa da kansa. Muna dariya. Ni da ke koyar da lissafi, shi da ya yi lissafin da safe, ba wanda ya tuna akwai wani abu da ke ƙirgawa a gabanmu.

Sai da ya shigar da ita gareji ya ja birkin hannu, na ga ya daina numfashi.

000004.

Mun daɗe muna kallonta. Ita ma tana kallonmu da sifilai biyar. Abin da Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana jira ya faru a wani wuri tsakanin kantin tawul da shagon sayar da filas, kuma ko mu da muke ciki ba mu gani ba.

Na kira Mama. Na gaya mata.

"Kika ce me?"

"Ta juya, Mama."

"Innalillahi. Yanzu na gama waya da babanki. Na gaya masa haihuwa, abu na biyu da ya tambaya shi ne da wace mota aka je."

"Kika ce masa?"

"Na ce ta Dakta. Har cewa ya yi ashe wayar tana da amfani." Ta ja numfashi. "Auta, abin da ya juya gaba ai yana juyawa baya. Ki gaya wa Dakta. Hannunsa ya saba da ƙananan abubuwa."

"Mama, Baba fa? Mita fa?"

"Na fi ki sanin mutumin nan. Idan ya ga sifilan nan, ba Lahadi ba, ko baɗi kada su zo. Ki zaɓa."

Da magariba saƙonni suka fara shigowa.

Dakta: Na kalli bidiyo huɗu. Noti shida ne a cire gilashin. Awa ɗaya ta ishe ni.

Ni: Ka san aikin da Baba ya yi kuwa?

Dakta: Na sani. Awa biyu na yi a tsaye ina ji.

Ni: Idan ya gane fa?

Dakta: Idan bai gane ba fa? Zai ga abinsa ranar Asabar, ya yi murna, ba wanda ya cutu.

Maganarsa ta yi min daɗi, kuma daɗin ne ya tsorata ni. Ina riƙe da wayar saƙon murya ya shigo daga Baba. Muryarsa cike da fara'ar da ban saba ji ba. "Auta, barka da samun 'ya. Kin tada ta yau? Minti biyar? Gobe da la'asar muna tafe. Ki goge mata gilashi." Na tura masa hoton hannu mai babban yatsa a sama. Allah ya yafe min.

Jiya Juma'a ƙarfe tara Dakta ya zo a tasi, don an ja motarsa zuwa wajen gyara. Ya sa tsohuwar riga mai gajeren hannu, ya riƙo wata jakar fata. Da ya shimfiɗa ta a kan kujera na ga kayan aikinsa ne: ɗan madubin nan mai sanda, ƙananan hantsaki, fitilar goshi, da sukundireba sabuwa fil. Na rufe ƙofar gareji na jingina da ita. Warin mai da tsohon kushin ya cika wurin, warin Baba ke nan tun ina yarinya.

Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya zura madubin. Can ya ce, "Kai."

"Mene ne?"

"Zo ki gani."

A kan kowane noti akwai ɗigon jan fenti, rabi a kan notin rabi a jikin robar. Irin alamar da masu duba motoci ke sawa, don in an taɓa a sani. Baba ya yi wa motarsa ta kansa hatimi. Wa yake zargi a gidan, ni ko Mama, ban sani ba.

Na ce, "Shi ke nan, tashi."

"Tsaya." Ya kusantar da fitila. "Ja ne da ya ɗan koɗe, ya yi duhu a gefe. Zan iya haɗa irinsa. Aikina ke nan fa, ina daidaita launin haƙori har mai shi ya kasa gane wanne ne na roba."

Ya ɗora sukundireba a kan notin farko. Na tsaya ina kallon mutumin da zan aura, goshinsa da fitila, fuskarsa a natse, yana shirin yi wa mahaifina aikin da ba zai taɓa ganewa ba, kuma saboda ni. Na hango Baba yau Asabar a gaban tsofaffi arba'in yana share hawaye a kan lambobin da muka jera masa da hantsaki. Na hango kaina ina tafi. Notin ya yi ƙas, fentin ya tsage.

"Bari."

"Na riga na fara."

"Na ce ka bari!"

Ya ɗago har ya buga kai da sitiyari. "Kin san me kike yi? Lahadi ce kike jefarwa."

"Na sani."

"Shekara biyu fa. Na sha Mai Haƙora, na sha wancan yaron, na sha tarihin masaƙa sau shida."

"Bakwai. Ka mayar da notin."

Ya mayar. Ya naɗe jakarsa a hankali, kayan ɗaya bayan ɗaya, bai dube ni ba. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya fita ya zauna a kan bencin tsakar gida. Na kawo masa shayi, ya huce a gabansa. Da rana aka sallamo Yaya, Mama ta shigo ta dube ni, na girgiza kai. Ta wuce ɗaki, yadda ta ajiye filas ɗin nan sai da jaririyar ta farka.

Ƙarfe huɗu saura tasi ta tsaya. Baba ya shigo da tsohuwar kwat ɗinsa ta kaki, Bakanike a bayansa yana dogara sanda.

"Ina take? Bari in fara ganinta."

Mama ta fito da jaririyar a hannu. Baba ya riga ya nufi gareji.

Muka bi shi, ni da Dakta. Ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya tsaya. Kujerar tana baya da rami ɗaya, mun manta. Ya gyara ta. Sannan ya ɗaga kai.

Na sha ganin fushin Baba. Na san mai tsawa, na san mai gori. Wannan ban san shi ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat, ya mayar, ya sake dubawa. Ya kai yatsa ya taɓa gilashin mitar, a hankali, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Bakanike ya leƙa ta taga, ya ce, "Ashsha," ya cire hularsa.

"Wa ya gani?" Muryar Baba can ƙasa.

Ni da Dakta muka dubi juna.

"Na ce lokacin da ta juya, wa ya gani? Tare suka juya, ko ɗaya bayan ɗaya?"

"Ba mu gani ba, Baba," na ce. "Muna magana."

Ya gyaɗa kai. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Na zayyana masa komai, naƙudar, motar da ta ƙi tashi, biyar da biyar, kantin da ni na ce a bi. Dakta yana ta sa baki yana cewa shi ke tuƙi, shi ya kamata ya duba. Baba bai kula mu ba. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin allon, ba fitila ba madubi. Bai yi daƙiƙa biyar ba ya ɗago.

"An taɓa notin hagu."

Ya juya ga Dakta.

"Mai Haƙora. Kai ka fara?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya hana ka?"

Ina bayan Baba, na zuba wa Dakta ido, ina roƙonsa da fuska: ka ce kai ne, ka ce zuciyarka ce ta ƙi. Ni da na hana shi ƙarya da safe, ga ni da la'asar ina koya masa wata. Ya gan ni sarai.

"Ita ce, Baba. Da ta bar ni da na gama, har fentin."

Baba ya fito daga motar ya rufe ƙofar da hannu biyu, yadda yake yi kullum don kada ta ji zafi.

"Ka ce wa kawunnanka su dakata."

"To, Baba."

"Gobe ƙarfe goma mutum arba'in za su zo gidan nan, wasu daga nesa. Ba zan kira su in ce a fasa ba, ban san da wane baki zan faɗa ba. Kai za ka tsaya a gabansu ka gaya musu. Tun daga wayarka da ta ƙi tashi har notin nan, kada ka tsallake komai. Idan ka gama kana da sauran fuska, sai mu yi maganar Lahadi."

Ya juya ya karɓi jaririyar daga hannun Mama. Ya daɗe yana kallonta. Ni kuwa tun lokacin bai ce min ko sannu ba. Da safen nan na kai masa shayi, ya karɓa daga tire ba daga hannuna ba.

Yanzu ina zaune a bakin tagar ɗakina ina rubuta muku wannan. Layinmu ya cika da tsoffin motoci, farare da masu ruwan toka, an wanke su har suna ɗaukar ido. Tsofaffi suna ta rungumar juna suna buɗe wa juna bonet. Mai hoto yana gwada kyamara. An fito da Dattijuwa da turi, ba a tada ta ba, Baba ya yafa tawul a kan mitar. Shugaban ƙungiya ya riga ya tambaya sau biyu me ake jira.

Saƙon Dakta na ƙarshe ya shigo tara da minti biyar: Na fito. Daga gidansu zuwa nan tafiyar minti ashirin ce. Na kira sau huɗu, tana ringi ba a ɗauka. Mama ta leƙo ta ce, "Da ni ce shi ma ba zan zo ba," ta koma.

Goma saura minti bakwai. Baba yana zaune a bakin gareji cikin fararen kaya, ya cire agogonsa ya ɗora a gwiwa, fuskarsa tana kallon ƙofar gida. Kusa da shi akwai kujera ɗaya ba kowa a kai. Yanzun nan wani tsoho ya jawo ta zai zauna, Baba ya dafa ta ba tare da ya juyo ba.

"Da mai ita," ya ce.